Tayar Babur: Asalinta, Cututtukanta da Yadda Ake Sauya Ta a Gida

Gabatarwa

A ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, har zuwa Babura da ke bakin iyakar Nijar, babur ya gaji aikin da jaki da keke suka daɗe suna yi. Shi ke kai gero da gyaɗa kasuwa, shi ke kai malami makarantar ƙauye, shi ne kuma motar asibitin mai naƙuda da tsakar dare. Duk wannan nauyi yana dogara ne a kan wurare biyu ƙanana inda taya ke taɓa ƙasa, kowannensu bai kai faɗin tafin hannu ba. Idan tayar mota ta fashe akwai sauran uku, amma idan ta gaban babur ta fashe ana cikin gudu, sau da yawa jikin mahayi ne ke biyan bashin. Wannan maƙala za ta bayyana abin da aka yi taya da shi, abubuwan da ke lalata ta a wannan yanki, da yadda mai babur zai sauya ta da hannunsa in mai faci ya yi nisa.

Daga Itace Zuwa Titi

Asalin roba ƙaro ne fari mai kama da madara, wanda ake tatsa daga jikin wata itaciya da masana ke kira Hevea brasiliensis, 'yar asalin dajin Amazon a Kudancin Amurka. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi irinta kimanin 70,000 zuwa lambun Kew a Ingila, daga nan aka yaɗa ta zuwa Asiya. A Nijeriya ana noman ta a kudu, kuma cibiyar binciken roba ta ƙasa tana Iyanomo kusa da birnin Benin.

Ɗanyar roba ba ta da amfani a titi, domin takan yi danƙo da zafi, ta sandare da sanyi. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyinta dogayen zare ne da ke zamewa a kan juna. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa in aka dafa roba da farar wuta, ƙwayoyin farar wutar kan ɗaure zaruruwan da juna kamar yadda ake ɗaure karan zana, sai robar ta riƙa miƙewa tana komawa yadda take. A 1888 kuma John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya ƙera taya mai iska don keken ɗansa. Baƙin launin taya daga garin kunkunniya yake, wanda ake cuɗawa da robar don ƙara mata ƙarfi da kare ta daga hasken rana. A yau ana gauraya robar itace da wadda ake samu daga man fetur.

Masana'antun taya na Nijeriya sun durƙushe: Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008. Yawancin tayoyin da ke kasuwa daga waje suke zuwa, masu kyau da marasa kyau, don haka dole mai saye ya iya karanta abin da zai saya.

Sassan Taya da Rubutun Jikinta

Taya tana da sassa huɗu: bayanta mai zane wanda ke taɓa ƙasa, gefenta, saƙar zare da ke cikin robar tana ba ta ƙarfi, da bakinta mai wayar ƙarfe wanda ke kama rim. A cikinta akwai tiyub mai riƙe iska, in ba tayar irin wadda ba ta buƙatar tiyub ba ce. Abin lura shi ne, iska ce ke ɗaukar nauyi, taya mazubi ce kawai.

A gefen taya akwai lambobi. Alal misali 3.00-17 yana nufin faɗinta inci 3, rim ɗin da za ta hau kuma inci 17. Akwai kuma lambobi huɗu masu nuna ranar ƙira: 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Taya na tsufa ko da tana rataye a shago, domin iskar da ke kewaye da ita da hasken rana suna karya ɗaurin zaruruwanta sannu a hankali. Alamar hakan ita ce ƙananan tsage-tsage a gefenta kamar faso a diddige. Tsohuwar taya mai sauƙin kuɗi na iya ruɗar mai saye, amma araha ba ta ado.

Abokan Gabar Taya a Wannan Yanki

Na farko shi ne ƙaya. Itatuwan wannan yanki mai ƙarancin ruwa sun tanadi ƙaya don kare ganyensu daga dabbobi: aduwa, bagaruwa, magarya da farar ƙaya. Manoma kan shinge gona da rassansu, iska da awaki su watsa su a kan turba. Akwai kuma tsidau, Tribulus terrestris, mai yaɗo a ƙasa, wanda 'ya'yansa ke da ƙayoyi ta fuskoki daban-daban, ta yadda ko yaya suka faɗi akwai wadda ke kallon sama. Dabarar tsiron ita ce ya maƙale a kofaton dabba ta kai masa iri nesa, kuma bai bambance kofato da taya ba. Tayar da zanenta ya cinye ita ƙaya ta fi hudawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu shi ne ƙarancin iska haɗe da nauyin kaya. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar nan tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba saƙar zare da roba. Har ila yau, in irin wannan taya ta daki dutse a hanyoyin duwatsun Kazaure da Roni, rim yakan matse tiyub ya yi masa huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. A yashin Babura wasu kan rage iska kaɗan don kada babur ya nutse. Dabarar tana aiki, amma wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Na uku shi ne zafi. Iskar da ke kulle a mazubi, matsinta na ƙaruwa daidai da zafinta. Ga lissafi ga ɗalibai: a ce an cika taya da safe har ma'auni ya nuna 30, zafi yana digiri 20. A ƙara matsin iskar sarari, wato 14.7, ya zama 44.7. In da rana tsaka a watan Afrilu tayar ta kai digiri 60, sai a mayar da zafin zuwa ma'aunin Kelbin, 293 da 333, a ninka 44.7 da 333 a raba da 293, a sami 50.8. A cire 14.7, saura kimanin 36. Shi ya sa ake auna iska da sanyin safiya kafin tafiya, a bi adadin da aka rubuta a jikin babur ko littafinsa. Ba a rage wa taya mai zafi iska, domin in ta huce za ta kasa. Matsa taya da yatsa ba awo ba ne.

Yadda Ake Sauyawa

Kayan aikin su ne: sifana, ƙarafa biyu ko uku masu faɗin baki marasa kaifi na ɓare taya, abin kwance bawul, famfo, ma'aunin iska, ruwan sabulu da hoda. Sukundireba ba ta cikinsu, domin ita ce ta fi tsaga sabon tiyub.

1. A tsayar da babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tauri. In ƙafar baya ce, a kwance sandar birki da ƙarfen da ke riƙe murfin birkin, a cire fil, a kwance noti, a zare ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ƙafar. A jera ƙananan ƙarafan da suka fito a kan buhu bisa tsarin fitowarsu, kada yashi ya taɓa su.

2. A kwance cikin bawul iska ta fita duka, a cire notinsa. A taka gefen taya da diddige har bakinta ya rabu da rim ko'ina.

3. A nan sirrin aikin yake. Tsakiyar rim tana da kwari. In aka danna bakin taya na ɓangare ɗaya cikin kwarin, ɗaya ɓangaren zai sami sarari. Don haka a durƙusa a kan ɓangaren da ke daura da bawul, a fara ɓarewa daga kusa da bawul, kaɗan-kaɗan. Wanda ya ji yana kokawa da ƙarfe, to bakin tayar ya fita daga kwari.

4. A zaro tiyub, a fitar da tayar. In za a mayar da ita, a shafa cikinta da tsumma a nemo ƙayar, in ba haka ba za ta sake huda sabon tiyub. A duba robar da ke rufe kawunan wayoyin rim, a goge tsatsa.

5. A duba kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa, a shafa wa bakinta ruwan sabulu, a shigar da gefe ɗaya. Ba a sa man inji ko kananzir, domin suna lalata roba kuma suna sa taya zamewa a kan rim.

6. A shafa wa tiyub hoda, a hura masa iska kaɗan don kada ya naɗe, a shigar da shi, bawul a miƙe cikin hudarsa. A shigar da gefe na biyu daga daura da bawul a ƙare a wurinsa.

7. A cika iska, a duba layin da ke kewaye da taya kusa da rim, ya kasance daidai ko'ina. A tofa yawu a bakin bawul a ga ko zai yi kumfa.

8. A mayar da ƙafar, a daidaita sarƙa ta riƙa motsi kimanin santimita 2 zuwa 3, a ɗaure noti, a sa sabon fil, a gwada birki kafin a hau. Sabuwar taya tana da santsi, sai a bi ta a hankali a kwanakin farko.

Faci da Iyakarsa

Ƙaramar huda tana facuwa: a tsoma tiyub a ruwa a gano ta, a busar, a kankare wurin, a shafa sholisho kaɗan, a jira ya sha iska, sannan a danna facin sosai. A yi aikin a sarari nesa da wuta, domin tururin sholisho yana kama wuta, shaƙarsa kuma tana illata ƙwaƙwalwa. Amma tiyub ɗin da ya tsage, ko ya yage a gindin bawul, da tayar da ta kumbura ko zarenta ya fito, facinsu gyaran gangar Auzinawa ne. Rim ɗin da ya lanƙwashe kuwa aikin ƙwararre ne.

Kammalawa

Aiki bai ƙare ba sai an san inda tsohuwar taya za ta. Wadda aka yar a bayan gida takan tara ruwan damina, ta zama makwancin sauron Aedes mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Cinikin tsofaffin tayoyi ya taimaka wa wani nau'insa, Aedes albopictus, ƙetare tekuna daga Asiya, kuma a 1991 aka same shi yana hayayyafa a Jihar Delta. Ƙona ta kuma yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu. A huda ta yadda ba za ta riƙe ruwa ba, ko a ba masu yin takalma da igiyar ɗaure kaya.

Malamin kimiyya zai iya kai tsohuwar taya aji, ɗalibai su karanta shekarunta, su auna zurfin zanenta, su yi lissafin matsin iskarta. Ɗalibin da ya koma gida ya duba tayoyin babur ɗin mahaifinsa kafin ranar kasuwa ya yi amfani da iliminsa a inda ake buƙatarsa, domin rigakafi ya fi magani.