Ƙiba a Akwatin Talabijin: Abin da Sikeli Ba Ya Nunawa

A shekarar 2004 gidan talabijin na NBC da ke ƙasar Amurka ya fara nuna wani shiri mai suna The Biggest Loser, wato wanda ya fi kowa zubar da nauyi. Shirin yana cikin irin waɗanda ba a sa 'yan wasan kwaikwayo, sai dai a bi mutane na haƙiƙa da na'urar ɗaukar hoto. A wancan lokacin akan tara masu ƙiba a killace su wuri guda, a haɗa su da masu horarwa, su yini suna motsa jiki, a kuma rage musu abinci ƙwarai. A ƙarshen kowane mako sai kowa ya hau sikeli a bainar jama'a, waɗanda nauyinsu bai ragu sosai ba su shiga layin kora. A lokacin, wanda ya zo na ɗaya yakan tafi gida da dala 250,000.

Darasin da mai kallo ke ɗauka a bayyane yake: ƙiba lalaci ne da kwaɗayi, maganinta kuma zufa da ƙarfin zuciya. Ko kimiyya ta yarda da haka?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda ake auna ƙiba. Akan raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Alal misali, mai kilo 95 da tsawon mita 1.70, idan aka raba 95 da 1.70, aka sake raba abin da ya fito da 1.70, za a sami kusan 33. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligin da lissafinsa ya kai 30 ya shiga ƙibar da ke da haɗari ga lafiya, kuma a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana cikin wannan hali. Ma'aunin yana da rauni, domin ba ya bambanta kitse da tsoka, amma yana da sauƙin da ɗalibai za su iya gwadawa a aji.

Bayan an kashe fitilu

Wani masani mai suna Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasar Amurka, ya bi diddigin mutane 14 daga cikin waɗanda suka yi gasar shekarar 2009, ya kuma buga sakamakonsa a 2016. A makonni 30 na gasar, kowannensu ya zubar da kimanin kilo 58 idan aka yi raba-daidai. Bayan shekaru shida, kimanin kilo 41 ya dawo. Goma sha uku daga cikinsu sun sake ƙara nauyi, huɗu ma sun wuce yadda suke kafin su shiga shirin. Gwarzon wannan gasar, Danny Cahill, ya sauko daga kilo 195 zuwa 87, amma daga baya fiye da kilo 45 ya komo masa.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne dalili. Jikin ɗan Adam yana ƙona makamashi ko da yana kwance bai motsa ba, domin zuciya tana bugawa, huhu yana numfashi, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suna aiki. Wannan ƙonawa ta hutu ita ce kaso mafi girma na abin da yawancin mutane ke ƙonawa a yini. An daɗe da sanin cewa tana raguwa idan mutum ya rame, tun da ƙaramin jiki buƙatarsa kaɗan ce. Sai dai a wajen waɗannan mutane raguwar ta zarce abin da lissafi ya nuna, kuma ba ta gyaru ba ko da nauyin ya dawo. Bayan shekaru shida, jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 a kowace rana ƙasa da abin da ake tsammani ga masu girmansu. Wannan kwatankwacin faranti guda ne na dafaffiyar shinkafa. Ke nan dole su bar wannan farantin kullum kafin su yi daidai da maƙwabcinsu mai nauyi irin nasu wanda bai taɓa ramewa ba.

Sa'an nan ga yunwa. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse ke zubawa cikin jini don ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa rumbu a cike yake. Idan kitse ya narke, leftin yakan ragu, ƙwaƙwalwa kuwa sai ta ɗauka fari ya zo, ta tada yunwa, ta kuma tsuke kashe makamashi. A ƙarshen gasar leftin na mutanen nan ya kusa ƙarewa ƙaf. Jiki bai san gasa ba, bai san dala 250,000 ba. Abin da ya sani shi ne kare mai shi daga mutuwar yunwa. Ga kuma gado: binciken da aka yi kan tagwaye da yaran da aka yi riƙonsu a wasu gidaje ya nuna cewa halitta tana da babban rabo a bambancin nauyi tsakanin mutane.

Dole a yi adalci, mutane 14 ba su da yawa, kuma irin wahalar da suka sha ba kowa ke shan ta ba. Amma ko kaɗan daga cikin wannan bayani ba a nuna shi a daren raba kyauta. Wani bincike da aka buga a 2012 ya ma gano cewa ɗaliban da aka nuna wa kashi guda na shirin sun ƙara ƙyamar masu ƙiba, sun kuma ƙara gaskata cewa nauyin mutum a hannunsa yake kacokan.

Wuƙar likita

Shiri na biyu, My 600-lb Life, tashar TLC ce ta fara nuna shi a 2012. Laba 600 kimanin kilo 272 ke nan. A nan babu gasa. Akan bi majinyaci zuwa birnin Houston wajen likitan fiɗa Younan Nowzaradan, wanda yakan ɗora shi kan abincin kalori 1,200 a rana, sai ya rage wani nauyi kafin a yi masa tiyata. Shirin yana da abin yabo, domin yana nuna cewa matsananciyar ƙiba cuta ce mai kisa, kuma sau da yawa yakan tono baƙin ciki ko cin zarafin da majinyaci ya gani a yarinta. Amma a ganina yadda akan buɗe shi da hoton mutum tsirara a banɗaki, sa'an nan a matso da na'ura kusa da bakinsa yana cin abinci, ba ilimi ake nema da shi ba, 'yan kallo ake nema. Har ila yau, yawancin waɗanda ake yi wa wannan tiyata a asibitoci ba su kai ko kusa da kilo 272 ba, mutane ne masu zuwa aiki da ƙafafunsu.

Tiyatar iri biyu ce aka fi yi. A ta farko akan yanke kimanin kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siriri mai kama da ayaba. A ta biyu, wadda Edward Mason na Jami'ar Iowa ya fara a shekarun 1960, akan keɓe wata 'yar jaka daga saman tumbi, girmanta kamar ƙwai, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. A talabijin akan bayyana abin kamar rage girman buhu ne kurum. Alhali kuwa babban aikin yana cikin jini. Sashen tumbin da ake cirewa a tiyata ta farko shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tada yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Bayan tiyatar kuma hanji yakan ƙara fitar da sinadaran da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Shi ya sa wasu masu ciwon sukari kan ga sukarinsu ya sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin su rame. Magungunan allura na zamani irin su Wegovy, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai na hanji suke kwaikwayo.

A ƙasar Suwidin an fara wani bincike a 1987, inda aka bi mutane kimanin 2,000 da aka yi wa tiyata da wasu kimanin 2,000 da ba a yi wa ba. Rahoton 2007 ya nuna haɗarin mutuwa ya ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a wajen waɗanda aka yi wa. Amma tiyatar tana da farashi. Ɗinki yana iya yoyo, jini yana iya daskarewa a jijiya, wani nauyin yakan dawo bayan shekaru. Mai ita zai sha bitamin da sinadarin ƙarfe da na ƙashi har ƙarshen rayuwarsa, in ba haka ba ƙarancin jini da raunin ƙashi da lalacewar jijiyoyi su biyo baya.

Duk waɗannan a shekara ta uku, ta biyar, ta goma ake ganinsu. A zangonsa na farko, My 600-lb Life ya bi majinyata huɗu har tsawon shekaru bakwai. Daga zango na biyu sai aka mayar da labarin kowane majinyaci shekara guda, wadda ita ce lokacin da nauyi ya fi saurin zuba bayan tiyata.