Kanar Moss da Sojojinsa Masu Keke

A kowace makaranta akwai yaron da ya kan zo na kutal a aji. Mu iyaye da malamai mu kan yi saurin yanke ƙauna a kansa, mu ce ba zai zama kome ba. A wannan wata muna so mu tuna da wani irin wannan yaro, mutumin Amurka, wanda ya kai muƙamin kanar a soja, har yau kuwa ana ambaton sunansa saboda keke.

Sunansa James Moss. An haife shi a jihar Luwiziyana a 1872. Ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point, ya gama a 1894, shi ne na ƙarshe a ajinsu. Aka tura shi barikin Missoula, can cikin duwatsun jihar Montana, wurin runduna ta 25. A zamanin nan ba a haɗa sojoji baƙaƙe da farare a runduna ɗaya. Sojojin wannan runduna duka baƙar fata ne, hafsoshinsu kuwa farare, kuma hafsoshi da yawa ba su son a kai su can.

Moss mai son hawan keke ne ƙwarai. Ya duba ya ga doki sai an ba shi ciyawa da ruwa, yana haniniya, yana ta da ƙura har abokan gaba su hango shi daga nesa. Keke kuwa ba ruwansa da wannan duka. A 1896 manyansa suka yarda ya gwada. Kamfanin Spalding ya ba da kekuna, ya fita da sojoji kaɗan, suka je gandun daji na Yellowstone suka komo, wajen mil 800.

Babbar tafiyar ita ce ta 1897. Ran 14 ga Yuni suka tashi daga Missoula: Moss, da sojoji 20, da likita, da wani ɗan jarida. Kekunansu ba su da giyar hawan tudu. Kowane soja yana ɗauke da bindiga da harsashi, da bargo, da guzuri. Babu kwalta. A kan duwatsu suka sha ƙanƙara, suka gangaro suka tarar da taɓo mai kama ƙafar keke har ta ƙi juyawa. Sau da yawa sai sun bi ta kan katakon hanyar jirgin ƙasa, ko su sauka su yi ta turi. A Nebraska ga rairayi, ga zafin rana, ga ruwa mai kanwa wanda ya kwantar da waɗansunsu, har da Moss kansa. Amma sannu ba ta hana zuwa. Ran 24 ga Yuli suka shiga birnin St. Louis, bayan mil 1,900 cikin kwana 41. Dubban mutane suka fito kallonsu.

Duk da haka gwamnati ba ta kafa rundunar keke ba. Aka mai da su gida a jirgin ƙasa. A 1898 yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Sifen, aka kai rundunar ƙasar Kuba. Ba da daɗewa ba kuma mota ta zo ta ɗauke hankalin kowa.

Moss ya ci gaba da aikinsa. A Yaƙin Duniya na Farko ya shugabanci runduna ta 367, ita ma ta baƙar fata ce. Wanda ya zo na kutal, shi ne ya rubuta littattafan koyar da aikin soja waɗanda hafsoshi masu yawa suka yi karatu da su. Ya yi ritaya a 1922, ya rasu a 1941 cikin haɗarin mota a birnin Niyu Yok.

Ba daidai ba ne mu tuna da hafsa mu manta da waɗanda suka taka keke tare da shi. Babba a cikinsu shi ne Saje Mingo Sanders, wanda ya riƙe samarin a hanya. A 1906 aka yi harbi da dare a garin Brownsville na jihar Teksas. Aka ɗora wa baƙaƙen sojoji laifin. Ba a kai su gaban shari'a ba, Shugaba Theodore Roosevelt ya kori mutum 167 daga aiki, ba fansho. Sanders yana cikinsu, bayan ya yi fiye da shekara 25 yana hidima. Ya rasu a 1929. Sai a 1972 gwamnati ta wanke sunayensu, sa'ad da kusan dukansu sun riga sun mutu.

'Yan'uwa, dubi mutanen nan biyu. An raina ɗaya saboda sakamakon jarrabawa, an raina ɗayan saboda launin fatarsa. Moss ya sami zarafi ya nuna abin da ya iya tun yana da rai. Sanders kuwa bai ga ranar da aka wanke shi ba. Idan yaro ya kawo mana takardar sakamako a ƙarshen zangon nan, ko ya yi na ɗaya ko na kutal, kada mu yi gaggawar yanke masa hukunci. Mu zauna da shi, mu tambaye shi abin da ya ke so da abin da ya iya, mu kuma ba shi hanya.