Hukuncin Mallakar Jita da Koyon Kaɗa Ta Don Sha'awa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta shigo gidajenmu ba da sallama ba, watau mas'alar jita, abin kiɗan nan na Turawa mai tsirkiya 6.

Duk wanda ya san Unguwar Gano, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni, da maƙwabtanta irin su Gyaɗi-Gyaɗi da ita kanta Tarauni, ya san unguwanni ne na 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, waɗanda 'ya'yansu suka haɗa boko da Islamiyya. Ga kuma Titin Gidan Zoo nan kusa, inda ɗakunan naɗar waƙoƙin finafinan Hausa suka yi sansani. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga saurayi ya tara 'yan kuɗinsa, ya nufi Sabon Gari ya sayo jita, ya shige ɗaki yana koyo daga wayar hannu. Ba ya roƙo, ba ya zuwa gidan biki, iyaka dai in ya gama karatu ya ɗauko ya ɗebe kewa. Uba ya komo daga kanti ko ofis ya ji ƙara. Wani uban sai ya fasa abin, wani ya yi wa ɗan baki, wani kuwa ya kau da kai zuciyarsa tana tafasa. Lalle ne mu san abin da malamai suka faɗa kafin mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan matakai.

ASALIN ABIN

Jita ba baƙuwa ba ce ƙwarai ga tarihin Musulmi. 'Yar'uwa ce ga udu, molon nan na Larabawa, wanda shahararren mawaƙin Bagadaza, Ziryabu, ya ƙara wa tsirkiya ta biyar, ya kuma yaɗa shi a Andalus bayan ya sauka Ƙurɗuba a shekarar 822. Siffar da muka san ta da ita yau kuwa, wani masassaƙi ne na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, ya daidaita ta. Ta shigo Afirka ta Yamma ta bakin teku a hannun ma'aikatan jiragen ruwa, daga nan ta gangaro Arewa ta hanyar Sabon Gari da otal-otal. Dattawanmu ba su manta da marigayi Bala Miller ba, wanda ya yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan Turawa a shekarun 1970 da 1980. Abin lura a nan shi ne, a wurin malaman fiƙihu sunanta ɗaya da udu da molo da garaya da gurmi, watau kayan kiɗa masu tsirkiya, hukuncinsu kuma ɗaya ne. Kasancewarta ta Turawa bai ƙara mata laifi ba, bai kuma rage mata ba.

MAGANAR MASU HANAWA

Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kaɗa masu tsirkiya da sauraronsu da gangan, kuma wannan shi ne mashahurin zance a mazhabarmu ta Imamu Malik. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya san ya sanya sauraron kayan shagala cikin abubuwan da ba su halatta ba. Hujjarsu ta farko ita ce aya ta 6 a Suratu Lukman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala don ɓatar da mutane, Sahabi Abdullahi ɗan Mas'udu kuwa ya fassara wannan zance da cewa waƙa ce. Ta biyu ita ce hadisin da Imamul Buhari ya kawo daga Abu Amir ko Abu Malik al-Ash'ari, wanda ya ba da labarin wasu mutane da za su zo su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Suka ce ba a cewa mutum ya halatta abu sai in abin haramun ne tun asali. Abin da suka togace shi ne ganga mai fuska ɗaya irin bandiri a wurin aure da Idi.

Mu Kanawa muna da namu tarihin a kan wannan. Sa'ad da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano wajen shekarar 1807, zamanin Sarki Sulaimanu, ya rubuta wa mutanen gari littafin Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri. Shi da kansa ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa sun farfasa kayan shagalar da ya tarar da su a kai, har suka mai da itacen gangunansu komin cin dawaki.

MAGANAR MASU SASSAUTAWA

Amma fa amana ce mu faɗa, magana ba ta ƙare a nan ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 ta Hijira, ya ce ayar Suratu Lukman ta rataya zargin ne ga nufin ɓatarwa, ya kuma ce isnadin hadisin nan ya yanke tsakanin Buhari da malaminsa Hishamu ɗan Ammaru. Manyan masana hadisi irin su Ibn Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani, sun nuna hadisin a sadar yake ta wasu hanyoyi, kuma gaskiya tana tare da su a wannan gaɓa. Duk da haka Imamu Shaukani, a cikin Nailul Auɗari, ya hakaito cewa wasu daga mutanen Madina da Zahirawa da Sufaye sun yi rangwame ko da da udu ne. A kusa da zamaninmu, Shaihul Azhar Mahmud Shaltut, wanda ya rasu a 1963, da Shaihu Yusuf al-Ƙardawi, wanda ya rasu a 2022, sun halatta da sharuɗɗa, yayin da Shaihu Bin Baz da Shaihu Albani, waɗanda duka suka rasu a 1999, suka tsaya a kan haramci.

Akwai wata magana ta Imamu Gazali a cikin Ihya'u wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Shi ya halatta waƙa da ganga, amma ya hana masu tsirkiya, ya ce ba don daɗin sautinsu aka hana su ba, domin da haka ne da an hana sauraron kukan tsuntsu mai daɗin murya. Dalilin, in ji shi, su ne alamar mashaya giya: suna kira zuwa ga sha, suna tuna wa wanda ya tuba majalisarsa ta da, mai yin su kuma yana kamanta kansa da fasiƙai. Wanda ya san ƙasar Hausa zai ga wannan illa ƙuru-ƙuru. Garaya, ban da ta maharba, an san ta da bori, goge kuwa an daɗe ana danganta shi da gidajen giya da na mata masu zaman kansu. Masu sassautawa sai su ce hukunci yana bin illarsa, ɗalibin da ke ɗaki shi kaɗai bai kamanta kansa da mashaya ba. Masu hanawa su ce hadisi ya ambaci kayan da sunansu, ba a barin nassi saboda illar da malami ya ciro da ra'ayinsa. Wannan ita ce ainihin mahaɗar saɓanin.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya lissafa shagala da kiɗe-kiɗe cikin munanan al'adun sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi. Amma a cikin Najmul Ikhwani, wanda ya rubuta wajen 1812, ya kawo saɓanin malamai game da kayan kiɗa, ya kuma ja kunnen almajirai kada su tsananta inkari a kan abin da malamai suka saɓa a kansa. Wannan ladabi na Shehu shi ne ya fi ƙaranci a gidajenmu yau.

A RABA AL'ADA DA SHARI'A

Sau da yawa abin da ke ƙona zuciyar uba ba ayar Suratu Lukman ba ce, kunya ce, kada a ce ɗan Alhaji wane ya zama maroƙi. A wurin Bahaushe kiɗa sana'ar gado ce, wanda bai gada ba ya shiga an ce ya zubar da girman gidansu. Amma uban nan shi ne zai tashi mota ya sa waƙar Mamman Shata ko ta Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda shi ma mai tsirkiya ne. Ran bikin 'yarsa kuma ya biya mai fiyano, alhali fiyanon nan akwai muryar jita da ta goge a cikinsa. Yaro yana gani, kuma ba wawa ba ne. In don Allah muke hanawa, to mu fara da kanmu. In kuwa don mutuncin gida ne, mu faɗa masa hakan, kada mu jingina wa shari'a abin da ba don ita muka yi ba.

GA 'YAN KASUWA

Mai shigo da kaya ya sani cewa a mazhabar Malik sharaɗin abin sayarwa ya zama mai amfani na halal, don haka cinikin kayan shagala bai inganta ba, ana warware shi, a mayar da kaya a karɓi kuɗi. Har Shaihu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa ba a yanke hannun wanda ya saci molo sai in itacensa bayan an karya ya kai nisabi. Imamu Abu Hanifa kuwa ya inganta cinikin tare da karhanci, ya kuma ɗora wa wanda ya fasa biyan ƙima, ko da yake manyan almajiransa biyu sun saɓa masa. Kuɗin koyarwa shi ma yana bin hukuncin kiɗan. Ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa ƙofofin atamfa da hatsi da kayan gini, ba ya bukatar wannan ƙofa mai shubuha.

ABIN DA MUKE GANI

Abin da zuciyata ta natsu a kai shi ne mashahurin mazhaba, watau barin jita shi ne kuɓuta, wanda ya bar ta ya fita daga saɓani, babu malamin da zai zarge shi. Amma mas'ala ce ta saɓani tsakanin malaman da ake girmamawa. Ba a kafirta kowa a kanta, ba a tsine wa ɗa, ba a kore shi daga gida. Yanke zumunta da yi wa ɗa mugun baki laifinsu a fili yake, babu mai saɓani a kansu, to yaya za a magance abin da ake saɓani a kansa da abin da aka haɗu a kan muninsa?

Misalai biyu sun ishe mu. Mdou Moctar, Buzun nan na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, gidansu ba su yarda da kiɗa ba, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke, daga baya ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, yau kuwa ya zaga duniya. Hani kaɗai bai tsayar da shi ba. Yusuf Islam na Ingila kuwa, wanda a da ake kira Cat Stevens, ya musulunta a 1977, ya yi gwanjon jitocinsa ya ba da kuɗin sadaka, ya buɗe makarantar Islamiyya a Landan a 1983, babu wanda ya tilasta shi. Bayan shekara fiye da 20 ya koma ga jita bisa fatawar masu halattawa, ya fitar da sabon faifai a 2006, wasu malamai suka yarda, wasu suka ƙi. Darasin shi ne, ilmi da yaƙini su ne ke sa mutum ya ajiye ko ya ɗauka. Sanda ba ta yin wannan aiki, sai dai ta kora yaro daga ɗakinsa zuwa majalisar da uba ba ya gani.

Saboda haka, ya kai uba, gidanka naka ne, kana da ikon cewa ba ka yarda ba. Amma zaunar da shi, ka karanta masa maganganun malamai duka biyu, ko ka kai shi wurin malamin da yake jin nauyi. Maimakon fasawa, a mayar wa mai shago a karɓi kuɗin. Ka kuma buɗe masa wata ƙofa, gama zuciyar saurayi ba ta zama fanko. Mai kunnen da ke rarrabe sauti shi ne ke yin fice a tajwidi da kiran salla da aruli. Kano ta Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu ba ta rasa hanyar rubutacciyar waƙa ba.

Kai kuma saurayi, ka sani ko malaman da suka halatta sun gindaya sharuɗɗa: kada ta shagaltar da kai daga salla ko karatu, kada a haɗa ta da batsa ko maye ko cakuɗuwa da mata, kada a cuci maƙwabci da ƙara, musamman a unguwanni irin namu inda katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida. In ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga, ta haramta a bakin kowa. Bayan wannan kuma, a ce ma halal ce tsantsa, babu wanda ya ce wajibi ce, biyayyar iyaye kuwa wajibi ce. In mahaifinka ko mahaifiyarka suka ce ajiye, magana ta ƙare, ba a barin farilla don sha'awa.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.