Ma'anar Kalmar "Recurrent" Cikin Takardun Kuɗi

Cikin kalmomin Turanci da ke yawan fitowa a takardun kasafin kuɗi akwai "recurrent". Ya kamata kowane hakimi da malaminsa su san ma'anarta sosai, gama rashin saninta ya kan jawo wa gunduma hasara.

Asalin kalmar daga harshen Latin ne. "Re" na nufin komowa, "currere" kuwa gudu. Daga nan Turanci ya sami "recur", watau abu ya sake aukuwa. "Recurrent" sifa ce ta abin da ke komowa lokaci bayan lokaci, kamar damina ko zazzaɓin cizon sauro. Ta bambanta da "repeat", domin mutum shi ke maimaita magana ko aiki da nufinsa, amma abin da aka kira "recurrent" shi ke dawowa don kansa, ko an so ko an ƙi.

Tun zamanin En'e kalmar ke cikin lissafin Baitulmali, inda a kan ware kuɗin gyaran hanyoyi da gine-gine ƙarƙashin "works recurrent". Da ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e a 1976 ba a bar ta ba. Har yanzu kashi biyu ake yi wa kasafi. Na farko shi ne "recurrent expenditure", watau kuɗin da ake kashewa kowace shekara, kamar albashi da fansho da magani da man mota. Na biyu shi ne "capital expenditure", watau kuɗin sabon aiki wanda a kan biya sau guda, kamar ginin makaranta ko gada.

To, abin lura shi ne, kowane sabon aiki ya kan haifi kuɗin shekara-shekara. Ɗakin shan magani sau ɗaya ake gina shi, amma albashin malamin asibiti da kuɗin magani ba su ƙarewa. In ba a tanade su ba, sai ginin ya zama kango, talakawa kuwa su ga laifin hakimin da ya roƙo shi. Saboda haka kafin hakimi ya nemi sabon aiki, ya tambaya tukuna daga ina kuɗin riƙonsa zai riƙa fitowa.

Malami kuma in zai fassara, ya rubuta "na kowace shekara" ko "na yau da kullum". Kada ya rubuta "biya sau biyu", don kada a zaci an yi kuskure wajen lissafi.