Kowa Da Aikinsa: Yadda Ake Tantance Manhaja A Ƙungiyar Debian

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin gwamnati ya san cewa takardar biyan kuɗi ba ta fita sai ta bi ta hannun akawu da mai binciken kuɗi da ma'aji, kowannensu kuwa da abin da yake dubawa. Irin wannan tsari ne ƙungiyar Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, take bi wajen tantance dubban ƙunshin manhajar da take rarraba wa masu kwamfuta kyauta. Sai dai a nan masu binciken su ma manhajoji ne.

Na farkonsu shi ne Lintian, wanda aka fara a 1998. Shi yakan buɗe ƙunshi ya duba cikinsa ba tare da ya girka shi ba, don ya ga ko kowane fayil yana inda dokokin ƙungiyar suka ce a ajiye shi, da ko an haɗa takardar haƙƙin mallaka. Na biyu shi ne Piuparts, wanda Lars Wirzenius ya rubuta. Shi kuma yakan girka ƙunshin, ya sabunta shi, ya cire shi, sa'an nan ya duba ko ya bar tarkace a baya. Na uku, Autopkgtest, yakan gwada manhajar bayan an girka ta, ya ga ko tana yin aikin da aka yi ta dominsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma idan biyu suka haɗu a kan aiki ɗaya, wahalar kula da su ce take ninkuwa. Da akwai wata manhaja mai suna Linda wadda take yin kusan abin da Lintian yake yi, aka janye ta a 2008.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne abin da ba ya cikin aikin kowa. A 2006 manhajar Valgrind, mai binciken yadda ake amfani da ƙwaƙwalwar na'ura, ta yi ƙorafi a kan manhajar tsaro ta OpenSSL. Don a kawar da ƙorafin, aka kashe layi biyu a cikinta, ashe ɗaya daga cikinsu shi ne ginshiƙin ƙera makullan sirri. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan da ake ƙerawa ba su wuce iri dubu talatin da 'yan kai ba, wato ɓarawo yana iya gwada su duka. Dole aka sake makullai a ko'ina cikin duniya.

Valgrind ta yi aikinta daidai, amma tsaro ba huruminta ba ne. Saboda haka, duk shugaban da zai raba aikin bincike, a ofis ne ko a na'ura, ya kamata ya rubuta iyakar kowa, ya kuma naɗa mutumin da zai ɗauki alhakin abin da ya faɗo a tsakani.