SIMONE, BAYAHUDIYAR DA TA TSIRA

An haifi Simone Veil a birnin Nis na ƙasar Faransa cikin shekarar 1927. Tana yarinya aka soma Yaƙin Duniya na Biyu. Hitila, shugaban Jamus, ya ƙudura niyyar hallaka Yahudawa duka, ba don wani laifi ba, sai don asalinsu kawai. Kafin yaƙin ya ƙare an kashe musu mutum wajen miliyan 6.

Cikin watan Maris na 1944 Jamusawa suka kama Simone, tana da shekara 16. Aka cusa ta cikin taragon dabbobi tare da uwarta da yayarta, aka kai su Auschwitz, wani babban sansanin fursuna a ƙasar Poland. Da saukarsu wani fursuna ya raɗa mata, ta ce shekarunta 18. Wannan ya cece ta, gama yara da tsofaffi nan take ake kashe su da iskar guba, masu ƙarfi kuwa a bar su don aikin bauta. Aka tsaga mata lamba a hannu, 78651.

Wata rana wata shugabar fursunoni ta ji tausayinta, ta ce za ta aika da ita Bobrek, inda aiki ya fi sauƙi. Simone ta ce ba za ta tafi ba sai da uwarta da yayarta. Matar ta yarda.

Cikin Janairu 1945 sojan Rasha suka matso. Jamusawa suka kora fursunoni a ƙafa cikin ƙanƙara, wanda ya gaza a harbe shi. Daga bisani aka kai su sansanin Bergen-Belsen a Jamus. Can uwarta ta rasu da mugun zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa, saura wata guda sojan Ingila su iso. Ran 15 ga Afrilu aka 'yantar da su. Ubanta da wanta ba su komo ba.

Simone ta koma gida, ta karanta shari'a, har ta zama ministar lafiya. A 1979 aka zaɓe ta shugabar Majalisar Turai, inda Faransawa da Jamusawa ke zama tare. Ba ta manta ba, amma ta yi aiki don kada 'ya'yan maƙiyan jiya su sāke yaƙi. Ta rasu a 2017.

TAMBAYOYI

1. Don me Simone ta ce shekarunta 18?
2. Wane sharaɗi ta kafa kafin ta tafi Bobrek?