Yis da Ɓera: Hanya Biyu ta Rufe Bakin Ƙwayoyin Gado

Yis ɗin da mai gidan burodi ke zubawa a kwaɓi halitta ce mai rai, tantani ɗaya tal, amma tana da wata matsala iri ɗaya da ta ɓera da ta ɗan Adam. Kowane tantani yana buƙatar ribozom, wato 'yan injinan da ke ƙera furotin, kuma buƙatar ba ta wasa ba ce: tantanin yis mai tasowa kan ƙera kusan 2,000 a minti guda. Shi ya sa ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera su, wadda ake kira rDNA, take zuwa kwafi-kwafi a jere. Yis na da kimanin 150 a kan kuromozom na 12. Mutum na da ɗaruruwa a kan kuromozom biyar: 13, 14, 15, 21 da 22. Sai dai a ɓangarorin biyu, kusan rabin kwafin a kwance suke. Rubutunsu bai canza ba, an dai hana karanta shi ne, kuma nazarin irin wannan hanin shi ake kira efijenetik.

A wajen yis, sunan da ya yi fice shi ne Sir2. Furotin ne da ke cire wata alama mai suna asetil daga jikin histon, abin da DNA ke naɗewa a kansa, kuma a 2000 aka gano cewa ba ya aiki sai da sinadarin NAD, wanda yawansa ke tafiya da yadda tantani ke sarrafa abinci. A nan mutane da dama kan yi tuntuɓe. Sir2 ba shi ke zaɓar kwafin da zai yi aiki ba. Idan abinci ya ƙare, wani furotin mai suna Rpd3 ne ke taimakawa a rufe kwafin, kuma da zarar sukari ya dawo sai a sake buɗe su. Aikin Sir2 gadin filin da ke tsakanin kwafi da kwafi ne. In babu shi, jerin ya dinga rikicewa, wasu guntaye su ɓalle su zama zobba.

Yadda aka gane illar zobban nan aikin haƙuri ne. Mai bincike zai zauna gaban madubin likita da siririyar allura, duk lokacin da uwar yis ta tsirar da 'ya, sai ya janye 'yar gefe ya ƙirga, har ranar da uwar ta daina, galibi bayan haihuwa 25 ko kusa da haka. A 1997, David Sinclair da Leonard Guarente a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa zobban na taruwa a cikin uwar suna tsofar da ita, 'ya'yan kuwa su fito fes. A 1999 aka ƙara wa yis kwafin Sir2 guda, sai tsawon ransa ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin ɗari.

Dabbobi masu shayarwa suna da wani makami da yis ɗin burodi bai da shi sam: liƙa alamar metil a jikin DNA kanta. A 2001, ɗakin binciken Ingrid Grummt da ke Haidelbag a Jamus ya gano wani gungun furotin, NoRC, wanda ke sauka a bakin kwafin rDNA ya kira masu liƙa metil da masu tamke histon. A ɓera, metil ɗaya a gurbi na 133 kafin mafarin ƙwayar gadon ya isa ya hana furotin UBF zama, in kuwa bai zauna ba, karatu ba ya farawa. A 2006 masu binciken ɗakin Grummt suka ƙara gano cewa NoRC ba ya isa wurin sai da jagorancin wani ɗan guntun RNA da ake kwafowa daga filin tsakanin kwafin. Kuma idan tantani ya rabu biyu, alamar na bin 'ya'yansa. Yis tura ƙofa kawai yake yi, ɓera kuwa kwaɗo yake ɗana mata.

Me wannan ke janyowa? A 2016, masu bincike a Landan sun rage furotin a abincin ɓeraye masu ciki da shayarwa, sai 'ya'yan suka taso da ƙarancin nauyi, kuma aka iske ƙarin metil a daidai gurbin nan na 133, ya zauna har girmansu. Na san mai karatu zai tuna da matsalar tamowa, amma ɓera aka gwada, ba jariri ba. Yis dai ba shi da hanyar riƙe irin wannan tabo.

Inda yis da ɓera suka haɗu shi ne dalilin ajiye kwafin a kwance. A 2010, Takehiko Kobayashi da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa yis ɗin da aka rage wa kwafi, har ya zama duk na aiki suke, ba ya jure lahanin DNA. A shekarar dai, ɗakin binciken Raffaella Santoro a Zurik ya nuna cewa raunana NoRC a tantanin ɓera na sa jerin rDNA ya lalace. Ashe kwafin da ke kwance su ke riƙe da sauran.

Hukuncina shi ne: yis malami ne nagari a kan dalilin rufewar, amma a kan yadda ake rufewa a jikinmu, ɓera za a tambaya. Gaskiya ne muna da ɗan'uwan Sir2 mai suna SIRT1, wanda aka nuna a 2008 yana rage ƙera ribozom idan sukari ya yi ƙaranci. Amma duk wanda ya tallata maka maganin hana tsufa da hujjar abin da aka gani a yis, tambaye shi a jikin wa aka gwada.